Kyauta Ce, Karɓi

Shida saura kwata, kogin Tejo bai gama farkawa ba,
Idalina ta yanke igiyar ɗaurin jaridu da 'yar wuƙarta,
tawada na kama yatsunta kamar baƙin lalle.
"Kyauta ce, karɓi."
Shekara goma sha ɗaya tana nanata kalmomin nan uku
a ƙofar tashar jirgin fito ta Cacilhas,
inda mu masu sammako muke kwararowa
kamar hatsi daga buhun da ya yage.

Wani ya fizga bai dubi fuskarta ba.
Wata ta karɓi biyu, ɗaya ta maƙwabciyarta mai ciwon gwiwa.
Saurayi ya kauce, idonsa a kan waya,
kafaɗarsa ce ta ba da amsa.

Manyan jaridu na can cikin rumfa da farashi a goshi,
suna zancen ministoci da bashin ƙasa da yaƙin nesa.
Wannan kuwa 'yar shafi ashirin da huɗu ce,
rabinta tallan katifa da makarantar koyon tuƙi,
amma ita ta san an sauya wa bas hanya,
ita ta san bututun da ya fashe a bayan kasuwa,
da ranar da za a rufe ɗakin karatu don fenti,
da ƙungiyar ƙwallon unguwa da ta sha uku da nema,
da karen da ya ɓata, mai kunne ɗaya a miƙe.

Bara, da tsakiyar sanyi,
na ga ta riƙo hannun rigar Telmo,
ɗan rahoton nan da albashinsa ba ya ganin ƙarshen wata.
Ta ce: "A gidanmu, hawa na shida, akwai tsoho Aníbal.
Lif ya mutu tun watan tara.
Keken guragunsa na jingine a bakin ƙofa yana tara ƙura.
Wata biyar bai taka ƙasa ba,
ta taga yake gaisawa da rana.
Mun rubuta wa hukuma har hannu ya gaji."

Telmo ya hau matakala casa'in da shida yana haki,
ya sauko da layi goma sha biyu da hoto ɗaya,
shafi na bakwai, ƙarƙashin hasashen yanayi.
Ƙasa ba ta girgiza ba.
Sai dai mun karanta a kan ruwa, dubbanmu,
cikin minti goma na tsakanin gaɓa da gaɓa,
kuma cikinmu akwai wata mai jar laima
wadda wasiƙun nan ke barci a aljihun teburinta.
Ran Alhamis masu gyara suka zo da akwatin ƙarfe.
Ran Asabar Aníbal ya sa a turo shi bakin ruwa,
ya daɗe yana kallon jirage,
bai ce uffan ba.

Bana shafi ya koma goma sha shida.
Telmo ya tafi rubuta tallan inshora, yana da jariri.
Ɗauri takwas da ake kawo wa Idalina ya zama biyar,
ana ta raɗe-raɗi, ita ba ta tanka.
Wa zai ƙirga mana matakala in an daina bugawa?
Wayar da ke aljihuna ta san abin da ya faru a Tokyo,
ba ta san fitilar layinmu ta mutu ba.

Da yamma jaridar kan shiga aikinta na biyu:
ta goge gilashin shago, ta naɗe kifin mai kanti,
ta tsotse ruwa daga takalmin da ya jiƙe.
Ɗazu na tsinci ɗaya a kujerar jirgin komawa,
wani ya cike rabin wasan kalmomi da shuɗin biro,
ya yi kuskure a layi na huɗu.
Na gyara masa,
na bar sauran ga mai zuwa.